Wane Ne Ya Zana Alwatikar?

Wasan ba shi da wuya. Ka sami takarda ka yi ɗigo uku nesa da juna, yadda in an haɗa su za su ba da alwatika. Na sama ka kira shi Arewa, na dama Gabas, na hagu Yamma. Sai ka ɗora bakin biro duk inda ka ga dama, ka jefa ɗan ludo, ƙwayar nan mai fuska shida. In 1 ko 2 ta fito, Arewa ce ta kira ka. 3 ko 4, Gabas. 5 ko 6, Yamma. Daga inda kake ka nufi kusurwar da ta yi kira, amma kada ka ƙarasa: ka tsaya daidai rabin hanya, ka yi ɗigo. Daga sabon ɗigon ka sake jifa, ka sake cin rabin hanya. Haka za ka yi ta yi har hannu ya gaji.

Tambayi kowa abin da zai fito a takardar, zai ce maka ɗigo barkatai, kamar an watsa wa kaji tsaba. Abin da hankali ya ba da ke nan, tunda babu wanda ya san fuskar da ɗan ludo zai kwanta a kai.

Wani ɗan yayata mai karatun lissafi a Jami'ar Tarayya ta Lafiya shi ya kawo mana wasan nan a garinmu Arikya, a hutun da ya biyo bayan yankan riɗi. Ya rubuta 'yan layuka a wayarsa, ya umarce ta ta yi dubun-dubatar jifa, ta gama kafin a sauke numfashi. Abin da ya bayyana alwatika ce babba, a tsakiyarta rami fari fat, shi ma alwatika amma kansa a ƙasa. Ramin ya raba ta gida uku. Kowane gida da nasa ramin a tsakiya, wanda ya sake raba shi uku, kowane ɗan gida kuma da nasa, haka har inda ido ya gaza. Ba karkata, ba ɓangaren da ya fi wani. Ya goge ya sake sa ta. Jifar ta bambanta da ta farko tun daga tushe, amma zane ɗaya ya dawo.

To wane ne ya zana? Ɗan ludo bai san alwatika ba. Yaron kuma bai gaya wa wayar ta bar rami ko ɗaya ba.

Maƙwabcinmu tela, wanda ya daɗe yana ɗinkin hula da hannu kafin ya koma kan keke, shi ya fara ɗora zargi. "Kai yaro, wayar nan ta san hoton tun can. An dasa mata shi ne, tana yi mana wasa da hankali." Zargi ne mai tushe, a zamanin da waya ke iya sa wa tsoho fuskar jariri, kuma maganinsa ɗaya ne: a yi da hannu. Aka yanko faffaɗan kwali aka shimfiɗa a kan benci, aka samo rula da biro, yara suka yi layi suna karɓa-karɓar jifa, ɗalibin yana awo. Da farko tela ne ke dariya, don ɗigo ashirin ko talatin ba su nuna komai. Da aka shiga ɗaruruwa sai dariyar ta ragu. Tsakiyar kwalin ta ƙi yin baƙi, biro yana ta kewaya ta, can kuma ramuka uku ƙanana suka fara buɗe ido. Bai kai na waya tsabta ba, amma shi ne. Waya ta fita daga zargi.

Sai dai ɗigo uku ko huɗu suna zaune a cikin ramukan, ɗaya ma a tsakiyar babban. Tela ya ɗora yatsa a kai. "Waɗannan fa? Ko awonka ne ya zame?" Ɗalibin ya ce, "Wallahi Baba bai zame ba." Aka ajiye maganar tukuna.

Zargi ya koma kan ɗan ludo, wanda da ma tsoho ne, kusurwarsa ɗaya ta cinye. Maimakon a nemo sabo, ɗalibin ya ce gara a ƙara masa son kai da gangan a ga abin da zai faru. Aka ba Arewa fuska huɗu, Gabas ɗaya, Yamma ɗaya. Zanen ya fito sama baƙi wuluk, ƙasa dishi-dishi, amma kowane rami yana nan inda yake, ko tsinke bai gusa ba. Ashe ɗan ludo kaurin tawada kawai yake iko da shi, siffar ba a hannunsa take ba.

Saura wurin farawa. Wannan karon aka fara daga can bakin kwali, wajen alwatikar gaba ɗaya. Jifa kaɗan ɗigon ya matso ya manne da zanen, bai sake barinsa ba. Dalilin yana da sauƙin gani. Ka ɗauka biro biyu ne, ja da baƙi, an ajiye su mita ɗaya tsakani, kuma jifa ɗaya suke bi. Arewa ta kira, kowanne ya ci rabin hanyarsa. Tazarar da ke tsakaninsu ta koma rabin mita. Gabas ta kira, ta koma kwata. Ko wace kusurwa ce ta kira, tazarar rabewa take yi. A jifa ta 10 an raba mita ɗin gida 1,024, wato bai kai milimita ɗaya ba, ja da baƙi sun hau kan juna. Wasan mantuwa ne da shi: ba ya riƙe inda ka fito.

A nan asirin ɗigon da tela ya kama ya tonu. Da aka bi sawu, su ne na farko-farko. A tsakiyar babban rami aka ɗora biro ranar, jifa ta farko ta kai shi tsakiyar rami mai bi masa a girma, ta biyu ta kai shi wanda ya fi wannan ƙanƙanta. A lissafi tsantsa ma ɗigon bai taɓa fita daga rami ba har aka tashi. Ramukan ne suka yi ta tsukewa har bakin biro ya fi su faɗi. Shi ya sa masu yin wannan zane a kwamfuta sukan zubar da ɗigon farko guda goma ko ashirin kafin su fara nunawa.

An wanke waya, an wanke ɗan ludo, an wanke wurin farawa, zane kuma yana nan yana kallonmu. Duk wannan abin da ake yi, wani dattijo mai makarantar allo a unguwar yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Sai ya ce, "Jikana, kun tuhumi mai jifa, kun tuhumi abin jifa. Wanda ya ce a tsaya a rabin hanya fa, an tambaye shi?"

"Allah gafarta Malam, ai wannan ƙa'ida ce kawai."

Malam bai amsa ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana hatimi mai gida tara, ya cika shi: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 ne. Wannan kowane gardi ya haddace shi. Sai ya zana mai gida 25, ya cika shi ba tare da ya tsaya tara komai ba, layin sama ya fito 11, 24, 7, 20, 3. Ɗalibin ya bi layi-layi da wayarsa, ko'ina 65. Malam ya ce ba hadda ba ce, tafiya ce. Ka sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan ka riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. In ka faɗa ta ƙasa ka ɓullo ta sama. In ka fita ta dama ka shigo ta hagu. In ka tarar da gida a cike, daga inda kake tsaye ka sauka gida biyu a miƙe, ka ci gaba. Da wannan tafiyar za ka cika mai gida 49, kowane layi ya ba ka 175, kai kuwa ba ka san adadin ba sai da ka gama.

Wannan fanni yana da babban malami a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi karatunsa a nan ƙasashenmu, ya tafi aikin hajji, ya zauna Misira. A wajajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjat al-Afaq, inda ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimai masu gefe wutiri, irin su uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, kuma ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Misira, ya ambace shi daga baya a cikin tarihinsa. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da aikinsa ga masu karatun boko a littafinta Africa Counts. Abin takaici, ɗalibin lissafi a Najeriya yakan gama digiri bai ji sunansa ba, saboda da an ce hatimi sai tunani ya tafi wajen laya. Hukuncin laya na malamai ne, ban sa baki ba. Amma hisabin da ke ƙarƙashinta ingantacce ne, kuma darasin da Malam ya ciro daga ciki shi ya buɗe mana ƙofa: mai bin ƙa'ida ba sai ya san inda za ta kai shi ba, tsarin yana cikin ƙa'idar tun kafin a ɗora alƙalami.

Ɗalibin ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, kuskurenmu bin ɗigo ɗaya da muke yi. Mu ɗauki alwatikar gaba ɗayanta." Ya zana ta a ƙasa. A ce an cika ta da ɗigo maƙil, babu masaka tsinke, sai Arewa ta kira su duka lokaci guda. Kowanne ya ci rabin hanya. Ina za su taru? A wata ƙaramar alwatika da ke manne da kusurwar Arewa, mai rabin tsawon uwar. In Gabas ce ta kira, su taru a irinta ta wajen Gabas. In Yamma ce, ta wajen Yamma. To babbar alwatika irin waɗannan ƙanana guda huɗu take ci. Kira uku ne kawai, saboda haka guda uku ake cikawa. Ta huɗun, wadda ke tsakiya kanta a ƙasa, babu kusurwar da ke kai mutum can. Babban ramin ke nan.

Sauran ramukan haihuwarsa ce. A kira na biyu, abin da ake tsukewa zuwa kusurwa ba cikakkiyar alwatika ba ce kuma, mai rami ce, don haka ramin ma yana tsukewa ya bi su. Kowace kusurwa ta sami ɗan raminta. A kira na uku waɗannan ma su tsuke su bi. Gidajen da suka rage 3 ne, sai 9, sai 27; a kira na 10 sun kai 59,049, amma kowane kira yana cinye kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ya saura, har ya zama dukkansu in an haɗa ba su kai kashi 6 cikin 100 na filin farko ba. Zanen da muka gani shi kaɗai ne siffar da in ka tsuke ta rabi zuwa kusurwoyin nan uku, ka haɗa abin da ka samu, ita ɗin ce za ta dawo maka. Mai zanen shi ne kalmar nan "rabin hanya" tare da kusurwa uku.

Tela bai haƙura ba. "To in haka ne, a yar da ɗan ludon mana. Mu riƙa kira bi da bi: Arewa, Gabas, Yamma, mu sake." Aka gwada, zane ya ƙi fita. Bayan 'yan zagaye biro ya maƙale a wurare uku, yana ta kewaya su. Ga dalili. Kowane wuri a zanen yana da adireshi, kuma adireshin shi ne jerin jifar da ta kawo ka, ana karanta shi daga ƙarshe. Jifar ƙarshe ita ke faɗin wanne daga manyan gidaje uku kake ciki. Wadda ta gabace ta ta faɗi wanne ɗan gida ne a cikin wancan, ta gabanta ta ƙara tsukewa. Mai kira bi da bi adireshi uku kacal yake rubutawa. Ɗan ludo kuwa, da yake ba shi da tsari, in an daɗe ana jifa babu jerin da ba zai fito da shi ba, don haka babu lungun da ba zai aika biro ba. Ƙa'ida ta haramta wasu wurare. Aikin ɗan ludo shi ne ya tabbatar an taka duk inda aka halatta.

Siffar tana ɗauke da sunan Wacław Sierpiński, masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, wanda ya bayyana ta a 1915, ko da yake masu shimfiɗa daɓen dutse a majami'un Italiya sun yi irinta tun ƙarni na 13. Hanyar samo ta da jifa kuwa Michael Barnsley ne, Baturen Ingila da yake koyarwa a Amurka a lokacin, ya yayata ta a littafinsa na 1988, ya kira ta wasan hargitsi. Da ƙa'idoji huɗu maimakon uku, waɗanda ke tsukewa suna kuma juyawa, ya fitar da ganye mai reshe-reshe wanda in ka gan shi za ka rantse hoton tsiro ne.

Da a nan aka tsaya, da an tashi lafiya. Amma Malam ya ƙara da cewa, "Masu bugun ƙasa ma haka suke, jifa a farko, ƙa'ida a baya. Ni ba na yi, ban kuma ce ku yi ba. Hisabin kawai nake faɗa muku." Mai bugun ƙasa yakan ɗiga layuka a kan yashi ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya soke su bibbiyu, ya ga abin da ya saura, ɗaya ko biyu: wutiri ko shafa'i. Layi huɗu su ba shi siffa ɗaya, kuma siffofin da za su yiwu 16 ne. Sau huɗu yake yin haka ya sami uwaye huɗu. Daga nan babu sauran sa'a. Ragowar gidajen ana ciro su ne daga uwayen, akasari ta hanyar haɗa siffa biyu layi da layi. Wutiri da wutiri shafa'i ne, shafa'i da shafa'i shafa'i ne, in sun saɓa wutiri ne. Ron Eglash, wani Ba'amurke da ya koyi wannan hisabi wurin masu duba Bambara a Senegal, ya tattauna shi a littafinsa African Fractals na 1999, tare da gine-gine irin su fadar Logone-Birni a Kamaru, mai ɗakuna masu kusurwa huɗu, wani cikin wani. Wannan haɗin na shafa'i da wutiri yana cikin ayyukan da kwamfuta ta fi yi, kuma da yawa daga hanyoyin da take bi ta ƙirƙiro lambobi masu kama da na sa'a da shi aka gina su. Wato tela yana da 'yar gaskiya tun farko, don babu ɗan ludo a cikin waya; lissafi ne yake kwaikwayon jifa. Ban yarda da masu cewa a intanet wai masu duba ne suka ƙirƙiro kwamfuta ba. Ƙa'ida ɗaya tana iya faɗowa hannun mutane biyu da ba su san juna ba, kowa ya yi abin gabansa da ita.

Jin shafa'i da wutiri ne ya sa ɗalibin ya zabura ya juya bayan kwalin. Ya rubuta 1 a sama. Ƙarƙashinsa 1, 1. Daga nan kowace lamba jimlar biyun da ke samanta ce: 1, 2, 1; sai 1, 3, 3, 1; sai 1, 4, 6, 4, 1. A makaranta ana kiran wannan alwatikar Pascal, Bafaranshen da ya yi rubutu a kanta a 1654, alhali al-Karaji ya san ta a Bagadaza tun wajajen shekara ta 1000. Ɗalibin ya ce a baƙanta duk lambar da take wutiri, a bar shafa'i fari. Aka sauka layi 16, aka ja da baya aka duba. Ga ta nan. Alwatikar ɗazu ce, da babban raminta da ƙananan, ba jifa, ba rula, ba rabin hanya.

Wannan ya fi na farko ɗaure kai, amma bai daɗe ba ya warware. Dubi layi na huɗu: 1, 3, 3, 1, duka wutiri. Tunda wutiri da wutiri shafa'i ne, layin da ke biye dole cikinsa ya zama fari gaba ɗaya, bakinsa biyu kaɗai ne baƙi. Kowane baki yanzu wutiri ne guda ɗaya tilo, babu kowa kusa da shi, daidai halin da 1 na can sama ya fara a ciki. Saboda haka kowanne zai sake haifar abin da na saman ya haifa, layi huɗu cur, kafin su haɗu a layi na takwas: 1, 7, 21, 35, 35, 21, 7, 1, duka wutiri kuma. Farin da ya rage tsakaninsu shi ne rami. Zanen layi takwas kwafi uku ne na zanen layi huɗu. Na layi 16 kwafi uku ne na mai takwas. Magana ɗaya ce da ta kusurwoyi: uku masu rabin tsawo, na huɗu babu. Hanya ce biyu, ɗaya ta sa'a ɗaya ta tilas, suka ɓulla gida ɗaya.

Saura tambayar da na riƙe tun da aka ambaci sunan wasan. Ina hargitsin yake, alhali abin da muka gani tsari ne tsantsa? Hargitsin yana bayyana ne in ka juya wasan baya. Ka ɗauki ɗigo ɗaya a zanen ka tambaya daga ina ya zo. Ba ka bukatar jifa: ka duba gidan wace kusurwa yake, ka ninka nisansa daga kusurwar, ka sami na bayansa. Ƙa'ida ce tsayayya. Amma yadda tafiya gaba ke raba kuskure biyu, komawa baya ninka shi take yi. In awonka ya zame da milimita ɗaya, a taki na 10 ya wuce mita, wato ya fi kwalin faɗi, ba ka san inda kake ba ke nan. Babu sa'a a ciki ko kaɗan, amma kuma ba ya hasasuwa.

Abin da Edward Lorenz ya ci karo da shi ke nan a 1961 a jami'ar MIT ta Amurka. Yana kwaikwayon yanayi a kwamfuta, ya so ya maimaita wani lissafi daga tsakiya, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 da injin ke riƙe da shi. Da farko sakamakon biyu suka tafi tare, daga baya suka rabu har babu kama. A 1963 ya wallafa wani tsari mai ƙa'idoji uku kacal wanda in aka zana tafiyarsa yakan ba da fukafukai biyu irin na malam-buɗe-littafi. Layin yana zagaya wannan, ya tsallaka wancan, ba ya taɓa maimaita sawunsa, ba ya kuma fita daga siffar. A 1972 ya yi laccar da ta tambaya ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Brazil zai iya tayar da guguwa a Texas. Shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta NiMet take iya fitar da hasashen damina kowace shekara, ta faɗi wajajen lokacin da ruwa zai sauka a Nasarawa, amma babu wata hukuma a duniya da za ta gaya wa manomin doya a Arikya ko ruwa zai zuba a gonarsa ranar kaza ga wata mai zuwa. Hasashen rana-rana ba ya wuce kimanin mako biyu. Siffar damina sananniya ce. Ɗigo na gaba ne ba a sani ba.

Masu zane sun daɗe da gane amfanin barin ƙa'ida ta yi zane. A Fabrairun 1965 Georg Nees ya baje zanen da kwamfuta ta yi a birnin Stuttgart na Jamus. Vera Molnár, 'yar Hungary da ta zauna Paris, ta yi shekaru tana bin ƙa'idoji da hannu kafin ta sami kwamfuta a 1968, ta ci gaba da aiki har ta rasu a 2023 tana da shekara 99. Cikin ayyukanta akwai wanda ta ɗauki hatimi mai gida 16 da Albrecht Dürer ya sa a wani zanensa na 1514, ta ja layi daga lamba zuwa lamba, sannan ta yi ta sauya jerin tana samun sababbin siffofi. Da littafin al-Kashinawi ne ya faɗo hannunta, da ta sami abin yi na shekaru.

Mai cewa wannan ba fasaha ba ce tunda inji ne ke zanawa, bai gwada ba ne. Yawancin ƙa'idoji shirme suke haifarwa. Ɗalibin ya ƙara kusurwa ta huɗu, Kudu, ya sa waya ta yi jifa: murabba'i ya cika da toka-toka, ba rami ko ɗaya, saboda murabba'ai huɗu masu rabin tsawo suna rufe uwarsu ruf. Sai ya ce zai sa sharaɗi, kusurwa ba za ta yi kira sau biyu a jere ba, ya tambayi tela, "Baba, ina ramin zai fito?" Tela ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce ba a isa can ƙuryar Gabas sai Gabas ta kira ta sake kira, don haka ƙuryoyin huɗu ne za su zama fari. Aka sa waya, haka ya fito, kowane ɗan gida kuma da nasa ƙuryoyin a guntule.

"To ni a tsakiya nake son farin, don saman hula," in ji tela. Ya ƙirga da yatsa, ya ce a cire wancan sharaɗin a sa wani: in Gabas ta kira kada Yamma ta biyo ta, in Kudu ta kira kada Arewa ta biyo ta, haka ma in an juya. Ɗalibin ya canza layi ɗaya a wayar. Murabba'in ya fito da taga fara a tsakiya, kewaye da ƙananan tagogi, su ma kewaye da nasu. Tela ya karɓi wayar ya ƙirga gidajen, ya ce mataki uku na farko za su ɗinku da allura, na huɗu ya fi ƙarfin zare.